Koriyar Fitilar da Miyoba Ta Ƙi

Ranar Talata, 12 ga watan Agusta, da hantsi, Allah ya karɓi ran Dakta Miyoba Siamuleya a wani asibiti a Lusaka, tana da shekara arba'in da shida. Ranar Lahadi ta dawo daga coci, ta ce wa mijinta kanta yana sara mata, ta zauna a bakin gado za ta cire takalmi, sai ta zame ƙasa. Likitoci suka ce jijiyar jini ce ta fashe a kanta. Ba ta ƙara cewa uffan ba har rai ya yi halinsa. Ranar Asabar muka kai ta Siamatuba, ƙauyensu da ke gaɓar Tafkin Kariba, muka binne ta kusa da kabarin mahaifinta.

Ni Balozi ne, ɗan ƙabilar Lozawa, ita kuma Batongiya, saboda haka abokan wasa muke tun kakanni. Idan Batonge ya mutu, kuka ba namu ba ne. Mu ne masu haƙa kabari, mu ne masu hura wuta da ɗibar ruwa, mu ne kuma masu tsokanar mamaci a gaban 'yan uwansa har sai sun yi dariya suna share hawaye. Na yi duk wannan a Siamatuba, ban rage komai ba. Na kira ta raguwa, na ce ganin aiki ya yi yawa ne ya sa ta miƙe ƙafa. Amma akwai maganar da ba ta dace da bakin mai wasa ba, ita ce na zauna in rubuta.

Miyoba, baiwata, kin gudu kin bar ni da kaya a ka.

Ranar da kika fara shigowa sashenmu a jami'a, bayan kin dawo daga karatu a ƙasar waje, wani tsohon sito aka ba ki a matsayin ɗakin gwaji, cike da karyayyun kujeru da ƙura. Ni a lokacin ina koyar da haɗa kayan lantarki. Ina sunkuye ina liƙa waya da dalma, sai na ji an tsaya a kaina.

"Kai ne Likando? An ce mini kana iya liƙa waya mai sirantar gashi. Ban san Balozi yana da wani amfani ba bayan cin guza."

Na ce, "Ke kuma wa ya bar ki kika baro shanu? Ko can Turai ma kiwo aka tura ki?"

Kika yi dariya har da dafa bango, kika ce, "Tashi, bawana, zo ka taya ni fitar da kujeru."

Na tashi, kuma tun daga ranar ban sake zama ba.

Ba na son ta'aziyyar da ake wanke mamaci tas har 'yan uwansa su kasa gane shi. Kina da faɗa, Miyoba. Kina da gardamar da ko jaki sai ya sallama miki. Kin taɓa sa ɗalibi ya kwance aikin da ya yi wata guda yana haɗawa saboda ya ce miki "ai zai yi haka nan". Amma ke ɗin dai ce kika zauna da shi har ya sake haɗawa, kika tuƙa masa nsima, wato tuwon masara, da ƙananan kifin kapenta a kan ɗan risho da kika ɓoye a bayan kabad, wanda hukumar jami'a ta hana. Lokacin da aka kwantar da matata a asibiti, ban roƙe ki komai ba. Zuwa kika yi da mota kika kwashe 'ya'yana zuwa gidanki, kika ce mini yaran Lozawa ba su taɓa ƙoshi ba, bari su ga yadda ake cin abinci. Sun dawo mini da kumatu, suna kiran ki Mama, har yau kuma haka suke kiran ki. 'Yata ƙarama ta tambaye ni jiya wa zai riƙa kawo mana chibwantu, kunun masaran nan naku, a jarka, na tashi na fita waje.

Aikinki shi ne ido. Ba idon mutum ba, a'a, ido na lantarki da aka gina shi a kan tsarin idon mutum da ƙwaƙwalwarsa. Duk sabon ɗalibin da ya zo, magana ɗaya kike fara yi masa. Kina cewa kyamara wawuya ce, sai ta ɗauki hoton duniya gaba ɗaya, ta sake ɗauka, ta sake ɗauka, ko an sami canji ko ba a samu ba, har ta cinye batir. Ido kuwa magulmaci ne. A bayansa akwai wani tantani mai cike da ƙananan ƙwayoyi, da yawansu ba sa ɗaga murya sai haske ya canja a gabansu, sannan su kai wa ƙwaƙwalwa tsegumi: wani abu ya motsa a can. Irin wannan kika zana, 'yar na'ura da ba ta kai faɗin farce ba, kowane ɗigo a jikinta yana shiru har sai abin da ke gabansa ya sake, a bayanta kuma wasu ƙananan hanyoyin wuta da suke aika wa juna saƙo yadda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suke yi. Mu mu zana a Lusaka, a kai zanen ƙasar waje a buga, mu yi wata da watanni muna jira. Ɗan farantin sola ya ishe ta, ƙyallin rana kuma ba ya kashe mata ido. Kika sa mata suna Liso, ido ke nan da yarenku.

Kamfanoni sun so ki ba su ita don motoci masu tuƙa kansu. Ke kuwa tun farko kin san inda za ki kai ta.

A Siamatuba mata suna shiga tafki kullum, don ruwan rijiyar burtsatse gishiri ne, famfon kuma ya fi daɗewa a lalace. An sha kafa shinge a cikin ruwa don tare kada, amma tafkin ba ya zama wuri ɗaya: bana ya janye ya bar shingen a kan tudu awaki suna kwana a ciki, baɗi ya cika ya shanye shi. Da zarar zafin Oktoba ya shigo, kadoji su farka, sai a fara jin labari daga ƙauye zuwa ƙauye. Abin da matan suke da shi tun zamanin iyayensu shi ne mai tsayuwa. Idan sun je ruwa, ɗaya ba ta ɗiba, ba ta wanki. Tsayawa take yi a kan tudu da duwatsun jifa a haɓar zane, idonta a kan ruwa, sauran su cika mata nata bokitin. Gobe wata ce za ta tsaya.

'Yan jarida sun sha tambayar ki ko kada ya taɓa ɗauke wani naki ne, don labarin ya yi musu daɗin rubutawa. Na ji ki da kunnena kina ce wa ɗaya daga cikinsu, "Wato sai an cinye mini uwa kafin in yi aiki? Ba a cinye ta ba, shi ya sa nake sauri."

Shekarun farko mun sha kunya. Mun sayi kada na roba, muka ɗaura masa igiya muna jan sa a wurin ninkaya na wani otal, Liso tana kama shi kowane lokaci, muna tafi muna rungumar juna. Da muka kai ta tafki sai ta haukace, don kowane ƙyalli a kan ruwa motsi ne a wurinta, jiniya ta yi ta kuka tun safe har yamma. Muka koma ɗakin gwaji muka yi abin da aka koya mana tun muna ɗalibai: abin da ya dame ka a cikin saƙo, share shi. Muka ɓata fiye da shekara muna koya mata ta yi watsi da kaɗawar ruwa, har ta ƙware. Sannan muka kai ta wata gonar kiwon kadoji don gwaji na gaske. Duk wanda ya yi iyo ta kama shi. Amma akwai wani tsohon kada da ya kwanta dab da gaɓa, ido da hanci kawai a waje, ko gezau. Muna kallonsa yana kallonmu, Liso kuwa ba ta san da shi ba. Kada mai kisa ba iyo yake yi ba, jira yake yi, mu kuma mun gina idon da ba ya ganin mai jira.

Ranar kin zauna a ƙasa a bakin shingen gonar, kika zuba wa ruwan ido. Ni har na fara haɗa kaya. Can kika ce, da kiran girmamawa irin na Lozawa, "Bo Likando, mayar mata da ƙyallin da muka share. Duka."

Na ce, "Rana ta taɓa ki ne?"

Kika ce, "Kalli ruwan. Ko'ina rawa yake yi, sai wuri ɗaya. Mun yi shekara muna toshe bakin masu ba mu labari. A bar su su yi ta surutu, mu kuma mu nemi inda aka yi shiru."

Haka aka yi. Liso ta koyi neman gurbin da ba ya motsi a tsakiyar ruwa mai motsi, ta koyi bambanta shi da kututture da dutse. Aka buga sunanki a jaridu, aka gayyace ki ƙasashe. Amma ke kin fi kowa sanin iyakarta, kuma ba ki taɓa ɓoyewa ba. Idan kada ya nutse gaba ɗaya, Liso ba ta ganinsa. Idan iska ta ɗauke da sassafe, ruwa ya kwanta sumul kamar faranti, ba ta ganin komai. Tana iya cewa ga shi nan. Ba ta iya cewa babu.

Bara muka kafa ta farko a Siamatuba, a kan dogon ƙarfe a wurin ɗibar ruwa, da jar fitila da jiniya. Muka tara mata muka yi musu bayani, muka koma Lusaka. Bayan 'yan makonni muka dawo dubawa, ba mu gaya wa kowa za mu zo ba. Da sassafe ne, babu iska ko kaɗan. Muna gangarowa na hangi Bina Choolwe, wato uwar Choolwe, wadda ranar ita ce mai tsayuwa, zaune a gindin bishiya tana ɓarar gyaɗa, duwatsunta a zube gefe. A cikin ruwa kuwa, har ƙugu, wata tsohuwa tana ɗaurayar bargo ta juya wa tafki baya. Mahaifiyarki ce, Bina Miyoba.

Ban taɓa ganin kin yi gudu ba sai ranar. Kika shiga ruwan da takalminki, kika finciko ta kina ihu, "Baama! Baama, fito!"

Tsohuwa ta fizge hannunta, ta ce, "Ke lafiyarki? Za ki karya ni a banza. Ba ga idon naki can ya ce babu ba?"

Ta nuna ƙarfen da baki. A ƙasan akwatin akwai wata 'yar koriyar fitila da ba ta fi ƙwayar masara ba. Babu wanda ya zauna ya yanke shawarar sa ta. Duk wanda ya taɓa haɗa na'ura, hannunsa da kansa yake sa irinta, don ya san wuta tana shiga, kuma mu duka mun duba zanen ba wanda ya ma lura da ita. Mata kuwa sun lura. Sun ga ja tana nufin kada, to kore fa? 'Yar Siamuleya da ta yi karatu har Turai ta kafa musu ido, idon kuma ya ce a shiga. A wannan safiya da ruwa ya kwanta, Liso makauniya ce, fitilar kuwa tana ci abinta.

Babu abin da ya faru ranar. Ko kada bai zo ba, ko ya zo bai ji yunwa ba, ba mu sani ba. Kika karɓi filaya daga hannuna, kika ɗaure zane, kika hau ƙarfen nan da kanki, kika murƙushe fitilar. A mota, har muka hau tudu muka bar kwarin, magana ɗaya kika yi: "Da hannuna na zaunar da mai tsayuwa."

Abin da kika yi bayan wannan shi ne ya raba ki da mutane da yawa. Kika sa muka haɗa wani katako a gindin ƙarfen, da waya a ƙarƙashinsa. Idan Liso ta ga mata sun zo bakin ruwa, alhali babu wadda ta hau katakon ta tsaya, sai ta kama wani ƙara mai ban haushi, ba ta dainawa sai an hau. Idan kuma ruwa ya kwanta har ta daina gani, sai ta riƙa buga ƙararrawa a hankali, wato ba na gani, ku kula. Mata suka yi ta mita. Bina Choolwe ta tare ki a gaban jama'a ta ce, "Mu muna murna kin kawo mana hutu, ashe uwar miji kika kafa mana a kan ƙarfe." Kika ce mata ta yi ta zagi, in dai a tsaye take zagin.

Ƙungiyar da take ɗaukar nauyin aikin ba ta ji daɗi ba. Wakilinta, Mista Hanyuma, Batonge ne shi ma, ɗan gaɓar tafkin nan, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, mutum ne mai son alheri. Shi ya yi ta yawo da sunanki ofis-ofis lokacin da ba wanda ya san ki. Ya zo ɗakin gwaji ya same mu.

Ya ce, "Dakta, mun yi wa mutane alkawarin za mu sauke wa mata nauyi. Yanzu in ce musu me? Mun kashe dukiya mun sayi ido, amma har yanzu sai mace ta tsaya? Ki cire katakon nan, ki sa babbar fitila, ja da kore. Duk duniya an san ja da kore, har yaron goye ya sani."

Kika ce, "Fitilar kan titi ita take tsayar da motoci, Mista Hanyuma. Tawa ba ta tsayar da kada."

Ya ce, "Amma kin ce a mafi yawan lokuta tana gani."

Kika ce, "Sauran lokutan fa, uwar wa za mu tura?"

Kuka yi ta ja har tsawon watanni. Shi ya ce ba za a ba da kuɗin kafa ta a sauran ƙauyuka ba sai da koriyar fitila, ke kika ce ba za ki sa hannu ba. Aka tsayar da ranar zama na ƙarshe a makon nan da kika tafi. Kin shirya masa tsaf, har kin gaya mini rigar da za ki sa. Ba ki bar mini wasiyya ba, Miyoba, don ba ki san za ki tafi ba. Abin da kika bari shi ne kujerarki babu kowa, da sa hannun da yanzu ya dawo kaina.

A Siamatuba, bayan an rufe ki, aka zauna a ƙarƙashin rumfa ana jawabai. Mista Hanyuma ya tashi cikin baƙar kwat, ya yabe ki, kuma hawayensa na gaske ne. Sannan ya ce yana da albishir. Don tunawa da ke, ƙungiya ta amince za ta kafa Liso a duk wuraren ɗibar ruwa na yankin kafin zafi ya shigo, kowace da babbar fitila mai ja da kore da sunanki a jiki, kuma Bina Miyoba ce za ta kunna ta farko. Mata suka rangaɗa guɗa a gidan makoki. Na kalli mahaifiyarki a kan tabarma, tana gyaɗa kai tana share ido, don an ce za a ɗaukaka sunan 'yarta.

Ina tsaye a gefe da kwanon garin masara a hannu, wanda muke shafa wa masu makoki. Na san in na bari sai mun koma Lusaka, a ofis za a yi maganar, da shayi da takardu, matan nan kuma ba za su taɓa jin ta ba. Abin da za su riƙe shi ne an ce fitilar Miyoba ce. Na san kuma a duk faɗin ƙasar nan wuri ɗaya ne Balozi zai iya gaya wa Batonge duk abin da ya ga dama a bainar jama'a, Batongen kuma ba shi da ikon yin fushi.

Na ratsa mutane na je na juye masa kwanon a ka. Gari ya gangaro masa har aljihun kwat. Aka fashe da dariya, matan Lozawa da muka zo tare suna tafi.

Na ce, "Kai Batonge, ba ka da kunya! Ka ga baiwata ta kwanta ba ta iya tashi, shi ne za ka ɗaura mata abin da ta ƙi da ranta? Da tana nan ka isa ka buɗe baki? Ai da yanzu kana ƙarƙashin mota kana neman hularka."

Aka ƙara dariya. Sai na juya wajen mata, na daina wasa, kowa kuma ya ji na daina.

Na ce, "Iyayena, ni na liƙa wayoyin abin nan da hannuna. Idan kada ya nutse, ba ta ganinsa. Idan ruwa ya kwanta, ba ta ganin komai. Ba ta taɓa sanin babu ba, kuma ba za ta sani ba bana. Duk wanda ya kunna muku kore, ko da sunan wa ya rubuta a jiki, ƙarya ya yi muku. 'Yarku ta mutu tana faɗa a kan wannan."

Mista Hanyuma ya yi yaƙe, ya kakkaɓe kafaɗa, ya jefa tsabar kuɗi a cikin kwanona kamar yadda al'ada ta ce, ya zauna. Daga baya ya same ni a bakin motarsa, har lokacin da gari a girarsa.

Ya ce, "Bo Likando, ka san abin da ka yi kuwa? Masu ba da kuɗi ba sa sayen idon da yake cewa ba ya gani. Ƙauyuka nawa ka hana yau?"

Na ce, "Na sani. Ka je ka gaya musu gaskiya, in sun ƙi, sun ƙi."

Ya shiga mota ya tafi. Tambayarsa ta bi ni, kuma har yanzu ba ta sake ni ba, don ba tambayar banza ba ce. Har zuwa yau da nake wannan rubutu ƙungiyar ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Washegari da safe ruwa ya ƙare a gidan makoki. Mata suka ɗauki bokitai, ni ma na ɗauki jarkoki na bi su, don aikinmu ne. Raina a jagule yake, ina tunanin ko na tozarta ki ne a gaban mahaifiyarki, na ce abin da 'yarta ta ƙare rayuwa a kai rabin ido ne. Mun kusa gaɓa sai na ji mata suna salati irin nasu. Na waiwaya, ga Bina Miyoba tana biye da mu, ta baro tabarmar makoki, ba bokiti a hannunta. Ta wuce mu, ta sunkuya ta tsinci duwatsu ta zuba a haɓar zane, ta hau katakon nan ta tsaya.

Bina Choolwe ta ce, "Haba Baama, jiya-jiya aka binne miki 'ya. Sauko, ni zan tsaya."

Tsohuwa ta ce, "Ke kin taɓa tsayawa? Ku ɗiba, rana tana yi."

Ni kuwa na tsaya sororo da jarka a hannu, ina kallonta, hawayen da na riƙe tun ranar Talata suna zuba. Ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "Kai Balozi, daina kallona. Kalli ruwa."

To, Miyoba, ga inda muke. Oktoba ta kusa. Akwai 'yan Liso da muka riga muka haɗa a ɗakin gwaji, ni da ɗalibanki za mu kafa su kafin zafi, kowace da katakonta, a ƙauyukan da suka yarda su karɓe ta da sharaɗinta. Ba za su ishi yankin ba, na sani, kuma wannan yana ci mini rai. Aikin da kika fara na sa ta gani a kan kwantaccen ruwa yana nan a kan teburinki, za mu ci gaba daga inda kika tsaya, ko zai ɗauke mu shekara nawa. In ƙungiya ta dawo, muna maraba da ita. In ta janye, za mu nemi wata ƙofa. Amma muddin sa hannun nan a wurina yake, ba za a kunna kore a bakin tafkin nan da sunanki ba.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki kurakuranki, ya karɓe ki cikin salamarsa, ya ba ki hutun da ba ki taɓa yarda kin ba kanki ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, Mista Mweetwa, wanda ya yi haƙuri da mu da wayoyinmu a kan teburin cin abincinsa shekara da shekaru, da 'ya'yanki Luyando da Twaambo, da ƙannenki, da ɗalibanki da suke zuwa ɗakin gwaji kullum su zauna ba su san abin da za su taɓa ba. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku. Ina yi wa matan Siamatuba ta'aziyya, Allah ya kai su ruwa lafiya ya dawo da su lafiya, bana da baɗi. Ke kuma Baama, Bina Miyoba, an gaya mini har yau ke ce kike fara hawa katakon nan kowace safiya. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ƙarfafa miki ƙafafu.